Mutumin da Ya Bar Cin Gishiri Saboda Ruwanmu

Kafin ƙarfe shida na safe Leunis Padmos ya riga ya fito da kekensa. Ba ya karyawa kafin ya fita, ko kofi ba ya kurɓa. Yakan je bayan ɗaki wurin duron da yake tara ruwan sama, ya kurkure baki sau uku, ya rataya ɗan kofinsa na tagulla a wuya, sannan ya hau. Yana bi ta bayan coci ya gangara magudanar farko. A nan zai durƙusa, ya ɗebi ruwa, ya riƙe shi a kan harshe ido a rufe kamar mai addu'a, sannan ya tofar. Wuri goma sha ɗaya yake tsayawa. Na ƙarshe shi ne ɗakin injin ban ruwa da ke kan tudun yashin da muke kira Tudu, inda yake ɗanɗana ruwan da ke fitowa daga ƙarƙashin yashi. Idan ya gama sai ya ciro alli ya rubuta a jikin ƙofa. In ya rubuta uku, injin zai yi awa uku ran nan. In ya ja layi biyu a gicciye, babu ruwa ga kowa.

Shekara arba'in da huɗu yana wannan. Gidana ne na ƙarshe kafin Tudu, saboda haka kusan duka a kan idona aka yi, ta tagar ɗakin girki. Ranar Juma'ar da ta wuce ya ajiye aiki. Mina, 'yar ƙanwarsa, wadda ta karɓi allin, ta nemi wanda zai rubuta masa 'yan layuka a takardar ƙungiyar manoma. Babu wanda ya ɗaga hannu. Ni da na bar makaranta ina ɗan shekara sha ɗaya, ni na ce zan yi, kuma ina da dalili.

Yaran yanzu suna murɗa famfo ruwa ya zubo, sun ɗauka haka Allah ya halicci ƙauyenmu Oudeweel. Mu mun san teku ce ta kewaye mu, tana kuma kwance a ƙarƙashin gonakinmu tana jira. Duk inda ka haƙa, gishiri. Ina yaro, idan rani ya yi tsawo, mahaifiyata takan bi layi a bakin coci, domin ruwan saman da ke sauka daga rufin coci yana taruwa a wani babban rami a ƙasa. Bokiti biyu kowane gida. Makullin murfin ramin yana rataye a ƙusa a bakin ƙofa, a fili, kowa yana ganinsa, amma ban da mai kula da coci babu mai taɓa shi. Na taɓa tambayarta me ya sa ba a ɓoye shi. Ta ce ranar da aka fara ɓoye shi, ran nan an fara sata ke nan.

Sai ambaliyar shekarar hamsin da uku ta zo, ina da shekara bakwai. Har ramin cocin ya cika da ruwan teku. Jirgin ruwa ne ya riƙa kawo mana na sha. Abin da na fi tunawa shi ne itatuwa, yadda suka tsaya a bushe shekara biyu, farare fat, ko tsuntsu ba ya sauka a kansu. Daga baya aka jawo mana bututu daga can babban yanki. Ya zo wa tukunya da wanka, bai zo wa gona ba. Gona ta ci gaba da kallon sama kamar da.

Leunis yana da shekara ashirin da 'yan kai ya lura da wani abu da dukanmu muke ji kullum ba mu kula ba. Kwaɗi ba sa kuka a magudanan ƙauyen nan, sai a gindin Tudu kaɗai. Kwaɗo ba ya zama a ruwan gishiri. Ya ari abin haƙa ya yi ta huda yashin shi kaɗai har tsawon wata biyu, mutane na wucewa suna tambayarsa ko zinariya yake nema. Ashe Tudun nan tsohon rafi ne da yashi ya cike tun zamanin da ba wanda ya sani, ruwan sama kuma ya yi ta nutsewa a ciki yana taruwa. Ni har yau in na ɗora kunne a kan yashin nan nakan ji kamar rafin yana tafiya. Leunis ya ce jinin kunnena ne nake ji.

Ga yadda ya bayyana mana abin ranar da gidaje goma sha huɗu suka haɗu suka kafa ƙungiya. Ya ce ruwan daɗin yana kwance a kan na gishiri kamar mai a kan romo. Idan ka bi sama da ludayi a hankali, mai za ka kwaso. Idan ka tsoma da ƙarfi, romon zai taso ya gauraye, kuma kafin ya sake kwantawa jikokinka sun yi furfura. Aka shimfiɗa bututu zuwa kowace gona, aka gina ɗakin inji. Tsohon mai kula da coci yana raye a lokacin. Shi ya zo da ƙusa da guduma ya kafa a jikin bango daga waje, ya rataye makullin ɗakin, ya koma gida.

Batun gishiri kuwa daga bikin ƙanwarsa Nella ya samo asali, ranar da ta auri Stoffel Hanse mai gonar albasa. An ci kifin gishiri, tun dare bai yi ba aka ƙara sayowa, Leunis ma ya ci rabonsa. Washegari ya ɗanɗana wata magudana ya ce lafiya lau. Wata gwauruwa ta shayar da dashenta da ruwan, kwana uku ganyen ya ƙone. Ba ta yi masa faɗa ba. Shi ne ya je ya sake yi mata dashen da hannunsa, kuma daga ran nan gishiri bai sake shiga bakinsa ba. A tsibirin da ake yaye yaro da kifi! Ba ya cin cuku, ba ya cin tsiran alade, ba ya shan taba. Burodinsa shi yake gasa abinsa. Aka laƙaba masa Sarkin Lami. Akwai wata 'yar masunta da suka yi nisa da magana, har an fara zancen rana. Ta ce masa tana son sa, amma ba za ta ƙare rayuwarta tana dafa abincin marasa lafiya ba. Ta auri wani a can ƙetaren gada. Tun daga lokacin kujera ɗaya ce a teburinsa.

Wanda ya zauna a nan ya ga aikinsa. A lokacin sanyi, sa'ad da kowa yake so ruwan sama ya fice daga gonarsa ya tafi teku da sauri, Leunis yana cikin laka har gwiwa yana karkata magudana ta koma kan Tudu. Stoffel yakan tsaya a kan tarakta ya ƙwala masa kira, “Suruki! Yashi kake wa ban ruwa cikin ruwan sama? In ya yi 'ya'ya ka aiko min!” Leunis yakan ce, “A watan bakwai za ka zo karɓa da kanka.” Kuma yakan zo. Akwai shekarar da shanun gidan Flikweert suka ƙi shan ruwan tafkinsu, suna ta rama, likitan dabbobi ya rasa gane kansu. Leunis ya ɗanɗana ta gabas, ya ɗanɗana ta yamma, ya nuna wuri guda ya ce a haƙa. Wani tsohon bututun yumɓu aka tarar ya fashe, yana shigo da ruwan teku kaɗan-kaɗan.

Kai ne mai harshen da gidaje goma sha huɗu suke ci da shi, Leunis. Kai ne kake zama a bakin tebur a kowane biki da kofin ruwa a gabanka, ana wuce da faranti ta bayanka.

Yanzu bari in zo kan shekarar fari, shekara shida da suka wuce, wadda saboda ita ne da yawanku kuka daina gaishe shi.

Kun tuna yadda aka yi. Daga watan biyar har na takwas ko ɗigo. Ƙasa ta tsattsage har hannu yana shiga. Leunis yana rubuta biyu a ƙofa, wata rana ɗaya da rabi, ana gunaguni amma ana haƙuri, domin albasa tana riƙe da ranta. Sai wata Litinin aka tashi aka ga layi biyu a gicciye. Talata haka. Laraba haka. Ranar Alhamis aka kira taro a bakin ɗakin inji, ina cikin waɗanda suka tsaya a baya.

Stoffel ya karɓi kofin tagulla daga wuyan Leunis, ya tara ruwa ya shanye. Ya ce, “Ni dai ban ji komai ba. Ruwa ne garau.”

Leunis ya ce, “Da me ka karya yau?”

“Ina ruwanka da abin da na karya da shi?”

“Kifi biyu da cuku, tun daga nan nake jin ƙanshinsu. Kai ko teku aka ba ka za ka ce shayi ne.”

Wasu suka yi dariya, Stoffel bai yi ba. Ya ce, “To ji nan, Sarkin Lami. Makullin nan kai kaɗai kake taɓa shi, ko ba haka ba? In gishiri ya taso, kai ka ja ruwa fiye da ƙima, lissafinka ya ɓace, tsufa ya kama ka. In kuma bai taso ba, taurin kai ne kawai kake mana. Zaɓi ɗaya.”

Leunis ya dubi makullin a kan ƙusa. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya zo kaina bai tsaya ba, ya wuce. Ya ce, “Ku ɗauki wanda ya fi muku sauƙi. Sati uku injin nan ba zai tashi ba.”

Sati ukun nan su suka kashe albasa. Rabin gonar Stoffel ya tafi, na wasu ma fiye. A ƙetaren gada akwai ƙauyen da suka bar injinsu yana aiki dare da rana a shekarar. Sun kwashe albasa mai kyau, ruwansu kuma ya koma gishiri, har yau da tanka ake kai musu. Namu yana nan da daɗinsa. Amma wannan bai wanke Leunis ba. Magana ta zauna a kan cewa kuskurensa ne ya jawo rufewar, ya kuma ƙi amsa laifi. Nella ta daina aika masa dankali. A coci bencin da yake zama ya zama nasa shi kaɗai. Ba wanda ya zage shi. Mu nan ba ma zagi, kallon wani gefe muke yi, kuma mun iya.

Akwai abu na uku da Stoffel bai sa a cikin zaɓinsa ba, domin bai taɓa zuwa ran kowa ba. Ni ne na taɓa makullin.

Matata Tanna ta rasu a watan uku na shekarar. Ta bar min itatuwan tuffa guda tara da ta dasa da hannunta a bayan gida, kowanne ta sa masa suna. A watan bakwai suka fara zubar da ganye. Rabon ruwan da ke zuwa gonata bai kai ya jiƙa saiwarsu ba. Nakan tsaya in kalle su, sai in ga fararen itatuwan nan na yarintata. Ranar Lahadi, lokacin sujada ta biyu, duk ƙauyen yana coci, Leunis ma yana can, kuma a nan ko kare ya san ba a aiki ranar Lahadi. Na hau Tudu da rana tsaka, na sauke makulli, na murɗa injin har ƙarshensa, na juya ruwan duka zuwa bayan gidana. Awa huɗu. Na mayar da makulli a ƙusarsa na sauko. Washegari na ga layi biyu daga taga.

Itatuwan sun rayu, duka taran. Suna yin 'ya'ya fiye da da. Shekara shida ban iya sa ko ɗaya a bakina ba. Kowace kaka nakan cika kwando in ajiye a ƙofar Leunis lokacin da ya fita zagaye, babu suna. In mun haɗu a hanya nakan ɗaga masa hannu, ni kaɗai a ƙauyen, har nakan ji kamar ni ne mutumin kirkin.

Ranar Juma'a aka yi masa ɗan taron ban-kwana a zauren ƙungiya. Mina ta jera kujeru arba'in, mutum tara suka zo. Stoffel ya aiko cewa gwiwarsa tana ciwo. An kawo kifi da cuku da gyaɗa mai gishiri, domin ba wanda ya tuna wa ake yi wa taron. Leunis ya cire kofin tagulla ya rataya wa Mina a wuya. Ta nuna masa na'urarta, wata 'yar aba da ake tsomawa a ruwa lamba ta fito. Ta ce, “Kawu, wannan ba ta cin kifi, ba ta mura.”

Ya ce, “Madalla da ita. Tana jin kukan kwaɗi?”

“Ba ta da kunne, Kawu.”

“To ke ki ara mata naki.”

Washegari da la'asar na sayi kifin gishiri biyu daga motar mai kifi, aka naɗe min da yankakkiyar albasa, na tsinki tuffa ɗaya na sa a aljihu, ban san dalili ba. Na same shi a bencin da ke gindin Tudu, inda yake zama kullum da ƙarfe huɗu. Na zauna a can ƙarshe. Na daɗe ina magana a kan iska da gajimare. Sannan na ce, “Leunis, Lahadin nan, a shekarar fari. Ni ne.”

Bai juyo ba. Ya ce, “Na sani, Krijn.”

“Ka sani?”

“Ni haƙoran makullin bango suke kallo in na rataye. Kai ka bar su suna kallon hanya. Kuma duk ƙauyen nan gindin itatuwa tara ne kawai suke da laima ranar Litinin. Sai ga kwando shida sun biyo baya. Ka ɗauka na zaci daga sama suke faɗowa?”

Na ce, “To me ya hana ka faɗa? Kalma ɗaya da ta ishe ka.”

Ya murza gwiwarsa. Ya ce, “Wata huɗu da binne Tanna. Da na faɗa, da sun daina yi maka magana, kai kuwa ba ka iya zama shiru ba, da itace ma hira kake yi. Ni na riga na saba cin abinci ni kaɗai. Sannan da sun ce a ɓoye makulli. Wannan ne ban so ba.”

Sai na buɗe takardar kifin na tura masa. Na ce, “Ka ajiye aiki, tsoho. Harshenka ya dawo naka. Ci.”

Ya ɗauka ya kai hanci. Ya lumshe ido ya shaƙa, ya daɗe, har na ga maƙogwaronsa yana motsi. Sai ya naɗe ya turo min. Ya ce, “Ajiye min tukuna. Mina ba ta yi rani ko ɗaya ita kaɗai ba. Wata safiya za ta ƙwanƙwasa min ƙofa da kofi a hannu. Me ke cikin aljihunka yake ta kumbura?”

Na ciro tuffar. Ya fito da wuƙarsa ya raba ta biyu, ya miƙo min rabi. Na ce ba na ci. Ya ce, “An riga an biya, da albasar Stoffel da shekaruna shida. In ba ka ci ba, asarar ta zama biyu.” Na ci. Tana da zaƙi ƙwarai, kuma ban ji daɗin hakan ba.

Na gaya masa zan rubuta duk wannan a takardar ƙungiya. Ya ce wauta ce, kuma za ku daina gaishe ni. Na ce na sani. Ya dubi tsawon bencin, ya matsar da hularsa daga tsakaninmu, ya ce, “To, yana ɗaukar mutum biyu.”

Saboda haka ga shi na rubuta. Stoffel, surukinka bai yi kuskuren lissafi ba, ko sau ɗaya a shekarar nan. Nella, yayanki bai yi taurin kai ba. Ku da kuka yi asarar albasa, ƙofata ce ta ƙarshe kafin Tudu, kuna iya zuwa ku faɗa min abin da ke ranku, ko ku kalli wani gefe in na wuce. Abu ɗaya nake roƙo, kada ku sauke makullin daga ƙusa. Mutum ɗaya ne ya taɓa shi cikin shekara arba'in da huɗu, kun kuma ga abin da wani ya ɗauka don ya ci gaba da zama a wurin.

Na gode, Leunis. Kai ne ka ji kwaɗi sa'ad da mu muke jin surutu kawai. Kai ne ka hana bakinka don gonakinmu su sha, ka kuma rufe shi don wani wawan tsoho ya samu mai amsa masa gaisuwa. Allah ya ƙara maka lafiyar gwiwa, ya bar maka harshenka. Masu tasowa, in an damƙa muku wani abu na jama'a, ko alli ne, ku riƙe shi yadda mutumin nan ya riƙe nasa.

Yana zama a bencin da ƙarfe huɗu. Idan za ku zo, ku zo da burodin da ba a sa wa gishiri ba. Ku zo da kujerunku kuma, domin bencin ya cika.